Kan Dokin da Yayana Bai Gani Ba

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda in ba tuna mini aka yi ba sun shige ke nan. Amma abin da ya faru tsakanina da yayana a wani lambu a Goudel, can gefen birnin Yamai, har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Shekaru sun ja yanzu, na yi aure, na haihu, na sauya wurin aiki sau biyu, amma duk sanda ya faɗo mini a rai sai in ji kamar jiya aka yi.

Yayana tela ne. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ƙarama, kuma tsakaninmu shekara goma sha tara. Daga wajen Maradi ya taso ya zo Yamai neman abinci, ya kama shago a unguwar Yantala. Da mahaifinmu ya rasu sai ya je gida ya ɗauko ni ina 'yar shekara takwas, ya sa ni lakwal, wato makarantar boko. Da keken ɗinkin nan ya riƙe ni har na gama karatun ordinater, wato kwamfuta, na samu aiki a wani biro, ofis ke nan. Ban taɓa jin ya kira sunana ba, Auta kawai yake cewa, har maƙwabta suka ɗauka shi ne sunan nawa.

Ina aji biyar ya je kasuwar Katako sayen katakon da zai gyara teburin yanka. Ya dawo babu katako, sai wani dogon farin bututu a kafaɗa da ƙafafu uku ɗaure da igiya. A cikin kayan gwanjon wani bature da ya bar ƙasar ya tsince shi. Matarsa ta fito daga madafa ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, wannan kuma bututun murhun wa ka kwaso?" Ya ce madubin hangen taurari ne. An haɗa masa da wani tsohon littafi na Faransanci mai hotuna, shi kuwa karatun allo kaɗai ya yi, don haka ni na zama mai karanta masa. Ina karantawa ina fassarawa, rabi daidai rabi kame-kame, shi kuma yana riƙewa a ka.

Haka ya koyi sama da hannu da ido. Zai fara da tauraro mai haske, ya bi zuwa na kusa da shi, ya sake bi, kamar mai bin layin alli a kan yadi, har ya isa inda yake so. Tsakar gidanmu ba ta da faɗi kuma fitilun unguwa sun yi yawa, sai wani mai lambu a Goudel, Bazabarme da Yaya ke yi wa ɗinkin sallah, ya ce ya riƙa zuwa wurinsa a bakin kogi. Can na fara ganin zoben wata duniya da idona. Can kuma ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya, waɗanda ya ce mahaifiyarmu ke nuna masa yana ƙarami in an gama girbi.

A cikin littafin akwai hoto ɗaya da ya hana shi sukuni. Wani baƙin gajimare ne can cikin sama, kusa da taurarin nan uku da ke jere, siffarsa sak kan doki, bayansa jan haske. Littafin ya faɗa ƙarara cewa da ƙaramin madubi irin namu ido ba ya ganinsa, sai dai kamara ta ɗauko. Na karanta masa wurin ya fi sau goma. Sai ya yi dariya ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai san idon tela ba." Duk shekara in damina ta wuce sanyi ya fara shigowa, sai ya neme shi. Bai taɓa samu ba.

Daga baya ciwon suga ya kama shi. Idonsa na hagu ya fara dushewa, ya bar wa abokin aikinsa aikin surfani, shi ya koma yanka. Wannan na sani. Na dama kuwa, duk sanda na tambaya sai ya ce lafiya lau, ni kuma na yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

A lokacin ne na ƙudura cewa ni zan nuna masa kan dokin. Na yi wata shida ina haɗa kaya. Na sayo ƙafa mai inji wadda ke juya madubin da kanta tana bin tafiyar taurari, na sayo 'yar ƙaramar kamara da ake cusawa a gurbin gilashin da mutum ke sa ido. Abin da ya fi burge ni shi ne wata manhaja da na sa a ordinater. Aikinta shi ne, duk inda madubin ya kalla sai kamara ta ɗauki hoto, ita kuma ta duba yadda taurarin cikin hoton suka jeru, ta gwada da taswirar sama da ke cikinta, ta gane daidai inda aka kalla. In ta ga an kauce sai ta umarci injin ya matsa, ta sake ɗauka, ta sake gwadawa, har abin da ake nema ya zauna a tsakiyar hoto, ko da abu ne da ido ba ya gani. Abin da Yaya ya yi shekaru yana lalube, ita cikin minti ɗaya za ta yi. Ina ta alfahari a raina. Yanzu da nake tunawa, na ga rabin abin don shi na yi, rabin kuma don in nuna masa karatun da ya biya bai tafi a banza ba.

Wata Alhamis muna cin tuwo ya ce, "Auta, Asabar ɗin nan za mu Goudel."

Na ce, "Yaya, ban gama gwada kayan ba. A bari sai ta sama."

Ya ce, "Asabar ɗin nan."

Bai saba yi mini magana haka ba. Na dubi matarsa, ta sunkuyar da kai tana tattara kwanuka. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar Asabar bayan magariba ya ce mu ɗauki taksi, wai kaya sun yi wa moto, wato babur ɗinsa, yawa. Da muka sauka muka shiga tsakanin fangalin salati da kabeji, sai ya dafa kafaɗata. Na ɗauka don ƙasar a jiƙe take ne. Mai lambun ya tarbe mu da "Fofo, fofo," ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi. Muka yi isha'i. Ana jin kwaɗi, ana jin wani masunci can yana buga gefen kwalekwalensa.

Abu na farko da na yi shi ne na zare ɗan gilashin nan da Yaya ya yi shekara da shekaru yana sa ido a kai, na jefa shi a jakata, na cusa kamara a gurbinsa. Na haɗa wayoyi, na jona batir, na ba manhajar sunan abin da muke nema. Injin ya yi ƙara ya juya madubin wajen gabas. Kamara ta ɗauka. Na jira. Sai rubutu ya fito ja, cewa manhajar ba ta gane wurin ba. Na sake. Ba ta gane ba. Na ƙara tsawon lokacin ɗauka, na gyara kaifin hoton, na kashe na kunna. Amsa ɗaya.

Ina cikin wannan sai aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Gaba ɗaya gari ya yi ɗif, daga ƙetaren kogi har bayanmu. Mai lambun ya ɗaga kai ya ce, "La ilaha illallahu, ku dubi sama!" Na ɗaga kai na daƙiƙa biyu. Ban taɓa ganin saman Yamai haka ba, ba kafin ranar ba, ba bayanta ba. Taurari har bakin ruwa. Na mayar da kaina kan ordinater, ina cewa a raina wannan dama ce, dole abin nan ya yi aiki kafin a dawo da wuta.

Yaya ya ce, "Auta, an ɗauke ko?"

Na ce, "An ɗauke."

Ko wannan tambayar ta isa ta farkar da ni. Mutum yana zaune a fili, gari guda ya mutu a gabansa, yana tambaya ko an ɗauke. Amma hankalina na kan jan rubutu.

Ya ce, "Mayar mini da gilashina mana, in ɗan duba Kaza. Minti biyar."

Na ce, "Yaya, in na cire kamarar sai na sake komai daga farko. Ka ɗan jira, yanzu za ta kama."

Ya gyara zama a kan tabarma. Aka ba shi shayi na farko, aka ba shi na biyu. Can ya sake cewa, "Auta, minti biyar ɗin nan fa." Na ce masa saura kaɗan. Ban san lokacin da ya tashi ba, sai na ga inuwarsa kusa da madubin, ya miƙa hannu yana shafa bututun, yana neman inda aka saba sa ido. Hoton da ke fuskar ordinater ya yi rawa.

Na daka masa tsawa. "Yaya, kar ka taɓa! Za ka ɓata mini komai!"

Wallahi haka na faɗa, da wannan muryar, a gaban baƙo. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba tun ina 'yar shekara takwas. Ya janye hannun a hankali ya sa a aljihun rigarsa, ya koma ya zauna. Mai lambun ya tashi ya ce bari ya je ya duba injin ban ruwa, alhali ba abin da ya samu injin.

Na fi awa ɗaya da rabi ina fama. Da na gaji na zauna a ƙasa, hawayen takaici na neman zubo mini. Daga kan tabarma Yaya ya ce, cikin muryarsa ta kullum kamar ba abin da ya faru, "Wai me take nema ne ta rasa?"

Na ce masa taurarin take kasa ganewa, kuma na ba ta duk abin da ta tambaya, har tsawon tafiyar haske daga madubin ƙasa zuwa inda kamara take.

Ya ce, "Nawa kika ba ta?"

Na ce milimita ɗari bakwai da hamsin. A intanet na gani, a bayanin wani madubi mai kama da namu.

Ya ce, "A'a. Santimita casa'in ne. Na auna da metir ɗina ranar da na kwance shi na wanke."

Na goge na rubuta ɗari tara. Kamara ta ɗauka. Ban gama sauke hannu ba rubutun ya fito kore. Injin ya yi 'yar ƙara ya matsa, ta sake ɗauka, ya sake matsawa kaɗan, ya tsaya. Manhajar ta ce abin yana tsakiya. Tun farko abin da ya hana ta shi ne ta ɗauka filin da take gani ya fi haka faɗi, sai jerin taurarin ya ƙi dacewa da taswirarta. Amsar tana zaune a kan tabarma taku uku daga inda nake, ban tambaya ba.

Ko a nan ban ba shi minti biyar ɗinsa ba. Na ce masa yanzu kamara za ta riƙa ɗaukar hoto bayan hoto tana tarawa, kada kowa ya motsa kusa. Muka zauna muna jira. A hankali duhun fuskar ordinater ya fara yin ja-ja. Muna cikin haka aka dawo da kuran, aka ji ihun yara daga cikin unguwa, fitilu suka tashi, rabin taurarin suka ɓace. Ban damu ba, don na riga na tara abin da ya isa. Ga shi nan a tsakiya, ɗan ƙarami, baƙi, da wuyansa da hancinsa. Sak na littafin.

Na ɗauki ordinater da gudu na durƙusa gabansa. "Yaya, ga shi! Ga dokinka!"

Ya karɓa ya kawo fuskarsa kusa, kusa sosai har hancinsa na neman taɓa gilashin. Ya daɗe. Sannan ya ɗora yatsa can gefe, inda wani babban tauraro ya yi fari fat, ya ce, "Ma sha Allah. Ga shi nan kuwa."

Sai a lokacin na gane ba ya gani. Na kama yatsan na jawo shi tsakiya, na ce, "Nan ne, Yaya."

Sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "To, faɗa mini yadda yake."

A nan ne ya gaya mini. Wata biyu ke nan idon daman ma ya fara tafiya. Ya ce kamar an shimfiɗa masa farin yadi mai shara-shara a fuska, kullum in gari ya waye an ƙara ninki ɗaya. Yankan ma abokin aikinsa ke yi, shi zama kawai yake a shago don kada a gane. Lokotoron ido ya ce jibi Litinin za a yi masa aiki, kuma bai ɓoye masa ba, ya ce fatan kaɗan ne. Matarsa ta sani, shi ya hana ta faɗa mini.

Ya ce, "Ni ba don doki na zo ba, Auta. Na san ba zan gan shi ba. Kaza da 'ya'yanta nake so in yi wa sallama, su suna da haske."

Ban san yadda na fizge kamarar ba. Na zazzage jakata a kan tabarma ina neman gilashin, ya faɗa cikin ciyawa, sai da mai lambun ya zo da tocila muka gan shi. Na goge shi da gefen mayafina na mayar. Na kwance makullin injin don bututun ya juyu da hannu. Yaya ya tambaye ni ƙarfe nawa, ya tambayi ta ina kogi yake, sannan ya kama bututun da hannu biyu ya ɗaga shi sama kusan tsaye. Da na leƙa, kaɗan ya rage ya faɗa kansu. Na ƙarasa masa.

Ya sa ido. Ya daɗe a sunkuye, yana rufe na hagun da tafin hannu kamar yadda ya saba tun yana da amfani. Ni ina tsaye a bayansa ina kallon saman da fitilun gari suka mayar fari-fari.

Da ya ɗago ya ce, "Akwai haske-haske. Ban iya raba su ba."

Na ce, "Da ɗazu ne da babu wuta, da ka gan su ko?"

Ya ce, "Allah ne ya sani. Bar wannan maganar."

Na fashe da kuka, na ce don me bai faɗa mini tun a gida ba. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Wata shida kina haɗa abin nan saboda ni. In na faɗa miki, ajiye shi za ki yi, ke ma ba za ki ga dokin ba. Yanzu ai ɗayanmu ya gani. Zauna ki ba ni labarinsa, ba ki faɗa mini ba har yanzu."

Na zauna ina sheshsheƙa ina kwatanta masa. Na ce wuyan ya ɗan karkata, hancin na kallon gefe, jan da ke bayansa kamar na atamfar da ta sha wanki. Ya tambaya ko yana da kunne. Na ce akwai ɗan tudu da za a iya kira kunne. Ya yi murmushi ya ce ashe mai littafin bai yi ƙarya ba.

Ranar Litinin aka yi aikin. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ganin bai dawo ba, ɗan hasken da ya rage ma ya tafi kafin sanyin shekarar ya ƙare. Na taɓa tsare lokotoron a baranda na tambaye shi, mutum mai ido irin na Yaya a wancan makon, in sama ta yi duhu sosai, zai iya ganin taurari masu haske ta madubi? Ya dube ni ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Da wannan amsar nake zaune har yau.

Yaya ya ƙara shekara uku da 'yan watanni a duniya, kafin ciwon ya sauka a ƙodarsa ya tafi da shi. A duk tsawon lokacin nan bai taɓa tayar da zancen tsawar da na yi masa ba. Na roƙe shi gafara ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce shi bai ji wata tsawa ba, kwaɗi sun cika wurin da ƙara. Abokan shagonsa kuwa duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin cewa Autarsa ta ɗauko hoton abin da Turawa suka ce ba a gani, a nan Goudel, da madubin Katako. Yana faɗa yana murna, ni kuwa in na ji sai in tashi in shiga ɗaki.

Manhajar ba ta yi laifin komai ba. Har gobe ina amfani da ita, kuma tun daga ranar ba ta sake kuskure ba. Laifin nawa ne, da na yanke wa mutum abin da zai faranta masa rai ban tambaye shi ba, na kuma riƙe shi da ƙarfi har na kasa jin abin da yake roƙo da bakinsa sau biyu. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. In wanda kake ƙauna ya nace sai yau, ko ya roƙe ka wani ɗan abu da kake ganin bai kai ya tsayar da kai ba, ajiye abin da ke hannunka ka juyo ka dube shi. Ba kowa ne zai gaya maka cewa wannan ne karonsa na ƙarshe ba. Wasu don kunya za su yi shiru, wasu kuma, irin yayana, don kada su ɓata maka farin cikinka.